KWANA KUSA DA GIWA: YADDA AMURKAWA SUKE KALLON MUTANEN KANADA

Idan aka tare Ba'amurke a bakin titi aka ce ya siffanta mutumin Kanada, da wuya ya tsaya dogon tunani. Zai ce ai mutum ne mai ladabi har ya so ya yi yawa, wanda ko ƙafa ka taka masa shi ne zai riga ka ba da haƙuri. Zai ce yana zaune cikin ƙanƙara shekara ta zagayo, ba abin da ya sa gaba sai wasan hoki da lasar zumar itace, 'yan sandan ƙasarsa kuwa jar kwat suke sawa suna kilisa bisa dawakai. Idan aka ƙara tambayarsa babban birnin ƙasar, ba mamaki ya ce Toronto, alhali kuwa Otawa ce, wadda Sarauniya Biktoriya ta zaɓa tun cikin 1857.

Wannan hali ba baƙo ba ne ga ɗan Arewa da ke neman abincinsa a Agege, ko Sabo ta Ibadan, ko Anaca, ko Fatakwal. Shi ma ya san yadda ake yanke wa mutum hukunci tun bai buɗe baki ba. Da an ga hula da doguwar riga sai a ce "Aboki", a ɗauka mai gadi ne ko mai tsire ko ɗan canji, ko da kuwa injiniya ne. Babarbare da Banufe da Bazabarme duk a haɗa su a ce Hausawa ne. To, abin da ke tsakanin Amurka da Kanada ya nuna cewa har ƙasashe masu arziki ba su tsira daga wannan ba, ya kuma nuna inda abin yakan kai idan aka bar shi ya yi tsawo.

GIWA DA ABOKIN KWANANTA

Iyakar da ta raba ƙasashen nan biyu tsawonta kilomita 8,891 ne idan aka haɗa da ɓangaren Alaska, babu kuwa wata iyaka tsakanin ƙasashe biyu da ta kai ta tsawo a duniya. Wajen faɗin ƙasa Kanada ta ninka Nijeriya sau goma da ɗoriya. Amma wajen yawan jama'a labari ya sha bamban, domin a 2024 Amurka tana da mutum wajen miliyan 340, Kanada kuwa miliyan 41. Wato duk mutum ɗaya na Kanada akwai Amurkawa takwas, kusan irin ratar da ke tsakanin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar ke nan.

Bugu da ƙari, ƙidayar 2016 ta nuna kashi biyu cikin uku na mutanen Kanada suna zaune ne a ƙasa da kilomita 100 daga kan iyakar. Talabijin ɗin Amurka suke kallo, waƙoƙinta suke ji, zaɓenta suke bi kamar nasu. A 2024 kuma wajen kashi uku cikin huɗu na kayan da Kanada ta sayar a waje Amurka suka tafi. Saboda haka ɗan Kanada ya san Amurka ciki da bai, shi kuwa Ba'amurke ba abin da ya tilasta masa ya waiwayi arewa. Firayim Minista Pierre Trudeau ya taƙaita zancen a birnin Washington cikin 1969, inda ya ce zama kusa da Amurka kamar kwana ne wuri ɗaya da giwa, kome kirkinta da sanyin halinta, duk motsin da ta yi sai abokin kwananta ya ji a jikinsa.

Wani ɗan wasan barkwanci na talabijin ɗin Kanada mai suna Rick Mercer ya mayar da wannan rashin sani abin dariya. Yakan shiga Amurka yana yi wa mutane tambayoyin shirme game da ƙasarsa, su kuwa su dage suna amsawa. A shekara ta 2000 ya tare George W. Bush yana yaƙin neman zaɓe, ya ce masa Firayim Ministan Kanada "Jean Poutine" yana goyon bayansa. Bush ya yi godiya ƙwarai. Alhali sunan Firayim Ministan Jean Chretien, ita kuwa kalmar da Mercer ya faɗa sunan wani abinci ne na soyayyen dankali da cuku da romo.

Har ila yau, idan ɗan Kanada ya yi suna sai duniya ta ɗauka Ba'amurke ne. Mary Pickford, tauraruwar silima da aka yi wa laƙabi da masoyiyar Amurka, a Toronto aka haife ta cikin 1892. James Naismith wanda ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a 1891 ɗan Kanada ne. Haka ɗan wasa Jim Carrey, da mawaƙi Justin Bieber, da James Cameron wanda ya shirya fim ɗin Titanic.

Amma fa kada a ɗauka ƙiyayya ce. Shekara da shekaru binciken ra'ayin jama'a na kamfanin Gallup yana nuna mafi yawan Amurkawa suna kallon Kanada da idon alheri. So ne irin wanda ake yi wa ƙanen da ba a taɓa tambayarsa ra'ayinsa ba.

"SORI" BA AMSA LAIFI BA NE

Zancen ladabi yana da ƙanshin gaskiya. Mutanen Kanada suna yawan cewa "sori", amma ba kullum suke nufin sun yi laifi ba. Sau da yawa kalmar tana zuwa ne a madadin "sannu" ko "gafara dai", kamar yadda mutumin Legas zai ce maka "sori" idan ka yi tuntuɓe, alhali ba shi ya ajiye dutsen ba. Abin ya kai har majalisu sun sa baki. Lardin British Columbia a 2006, da lardin Ontario a 2009, sun kafa doka cewa ba da haƙuri ba zai zama hujjar amsa laifi ba a shari'ar neman diyya. Wato direban da ya ce "sori" bayan an yi karo, ba za a kama shi da wannan kalma ba gaban alƙali.

Akwai kuma wata 'yar kalma, "e", da sukan liƙa a ƙarshen magana, daidai da "ko?" ta Bahaushe, ko "abi" ta mutanen Kudu. Amurkawa sun mayar da ita abin tsokana. Abin dariya shi ne 'yan Kanada ne da kansu suka fi yaɗa wannan hoto. A 1980 gidan talabijin na ƙasa ya nemi wani shirin barkwanci mai suna SCTV ya ƙara abin da zai nuna al'adun gida. Sai 'yan wasa biyu, Rick Moranis da Dave Thomas, suka yi gatse, suka fito a matsayin wasu 'yan'uwa sakarkaru masu hular sanyi, suna shan giya suna ta "e, e". Shirin ya karɓu a Amurka, gatse ya zama tambari.

Masana tarihi kan danganta bambancin halin da asalin ƙasashen. Amurka da yaƙi ta ƙwaci kanta daga Ingila, takardar 'yancinta ta 1776 tana maganar rayuwa da 'yanci da neman jin daɗi. Kanada kuwa da shawara aka haɗa ta a 1867, dokar kafa ta tana maganar zaman lafiya da bin doka da kyakkyawan mulki. Ana ganin wannan har a sha'anin bindiga, domin wani ƙiyasi na 2017 ya nuna akwai bindiga 120 ga kowane mutum 100 a Amurka, a Kanada kuwa wajen 35. Ana kuma ganinsa a asibiti. Tun 1962 lardin Saskatchewan ya fara tsarin da gwamnati ke biyan kuɗin likita, aikin da Tommy Douglas ya ɗora harsashinsa, daga baya ya game ƙasa duka. Wasu Amurkawa na ganin tsarin aljannar duniya ne, wasu na kiransa gurguzu. Gaskiyar tana tsakiya: majiyyaci ba ya biya a bakin ƙofa, amma yakan jira watanni kafin a yi masa aikin da ba na gaggawa ba.

ƘANƘARA, ZUMA DA JAR KWAT

Sanyi dai akwai shi. A ƙauyen Snag na yankin Yukon an auna digiri 63 ƙasa da sifili cikin 1947. Amma a Yunin 2021 garin Lytton ya kai digiri 49.6 na zafi, abin da ko mutumin Sakkwato zai nemi inuwa. Birnin Windsor na Kanada kudu yake da birnin Detroit na Amurka, kogi kaɗai ya raba su. Ɗakin ƙanƙarar da ake nunawa a hotuna kuwa fasahar mafarautan ƙabilar Inuwit ce ta can ƙuryar arewa, su kansu wajen mutum 70,000 ne a ƙidayar 2021, kuma a gidajen zamani suke zaune.

Zumar itace gaskiya ce, kuma ba abin wasa ba ce. Daga jikin itacen mapul ake tatso ruwanta a ƙarshen hunturu, a dafa kamar yadda ake dafa ruwan rake, lita 40 ta ba da lita ɗaya. Lardin Kwibek kaɗai yana samar da wajen kashi 70 cikin 100 na wadda ake sha a duniya, har manomansa suna da rumbun ajiya domin daidaita farashi. Tsakanin 2011 da 2012 ɓarayi suka yashe wajen tan 3,000 daga wannan rumbu, kayan fiye da dalar Kanada miliyan 18, suna cika wasu gangunan da ruwa don kada a gane. Ashe ƙasar masu ladabi ma tana da nata 'yan hannu.

Rundunar 'yan sandan dawakai an kafa ta ne a 1873 don tsaron yankunan yamma. Jar kwat ɗin yanzu ta fareti ce da bukukuwa, a ranar aiki kuwa mota suke shiga kamar kowa. Masu silima na Hollywood su ne suka riƙe tsohon hoton suka yi ta sayarwa.

Wasan hoki na kan ƙanƙara shi ya fi ƙaryata zancen sanyin hali. Wasa ne da 'yan wasa kan yar da sanda su dambace a tsakiyar fili. A 1955 an yi tarzoma a Montreal saboda an dakatar da gwarzonsu Maurice Richard. A 2011 an ƙona motoci a Vancouver bayan ƙungiyar birnin Boston ta cinye kofi.

BA KULLUM AKE ZUMUNCI BA

Ba'amurke yakan manta, amma ɗan makaranta a Kanada ya san sau biyu sojojin Amurka suka shigo da niyyar ci da yaƙi. Na farko a 1775, inda aka fatattake su a ƙofar birnin Kwibek. Na biyu a yaƙin 1812, lokacin da tsohon Shugaba Thomas Jefferson ya ce cin Kanada magana ce ta tattaki kurum. A 1813 Amurkawa sun ƙona gine-ginen gwamnati a garin York, wato Toronto ta yanzu. A 1814 sojojin Ingila suka rama, suka cinna wa fadar shugaban Amurka wuta a Washington. Tsoron maƙwabciyar nan yana cikin dalilan da suka sa lardunan suka dunƙule a 1867.

Kanada kuma ta sha nuna cewa ba 'yar amshin shata ba ce. Ta shiga yaƙin duniya na farko a 1914, Amurka sai 1917. Ta shiga na biyu a 1939, Amurka sai ƙarshen 1941. Ta ƙulla hulɗar jakadanci da Sin ta kwaminis a 1970, shekara tara kafin Amurka. Ba ta yanke hulɗa da Kyuba ba. Ta karɓi dubban samarin Amurka da suka guje wa yaƙin Biyetnam, a 2003 kuma ta ƙi shiga yaƙin Iraƙi.

ALHERIN DA AKA MANTA

Abin da ya fi ci wa 'yan Kanada tuwo a ƙwarya shi ne su yi alheri a ba wani lada. Lokacin da ɗalibai suka mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran cikin 1979, jami'ai shida sun sulale, jakadan Kanada Ken Taylor da abokin aikinsa suka ɓoye su a gidajensu, har aka fitar da su da fasfo ɗin Kanada a Janairun 1980. Da aka yi fim ɗin Argo a 2012 sai aka ba hukumar leƙen asirin Amurka kusan duk yabon. Jimmy Carter, wanda shi ne shugaba lokacin da abin ya faru, ya fito ya ce kashi 90 cikin 100 na aikin na Kanada ne.

Ranar 11 ga Satumba 2001 da Amurka ta rufe sararin samaniyarta, jirage 38 suka sauka a garin Gander, ɗauke da mutum fiye da 6,500, alhali mutanen garin ba su wuce 10,000 ba. Aka buɗe makarantu da majami'u da gidaje, aka ci da baƙin kwanaki ba a karɓi ko kwabo ba. Duk da haka sai ji-ta-ji-ta ta bazu cewa maharan ta Kanada suka shigo, har wasu manyan 'yan siyasar Amurka suka maimaita, ga shi kuwa ko ɗaya cikinsu bai biyo ta can ba. Bayan haka sojojin Kanada 158 suka rasa rayukansu a yaƙin Afganistan.

ABIN DA LADABI YA RUFE

Kyakkyawan zato ma yana da nasa sharri, domin yakan rufe ɓarna. An raba yara wajen 150,000 na 'yan asalin ƙasar, wato waɗanda finafinan kaboyi ke kira Indiyawan daji, da iyayensu, aka tsare su a makarantun kwana na gwamnati da majami'u, aka hana su harshensu, dubbai suka mutu a can. Su 'yan sandan jar kwat ɗin nan suna cikin masu kamo yaran. Sai cikin shekarun 1990 aka rufe ta ƙarshe, gwamnati kuma ta nemi gafara a 2008. A 1942 an kwashe mutum fiye da 20,000 'yan asalin Japan daga gidajensu. A 1946 an kama wata baƙar mace, Viola Desmond, don ta zauna a kujerar Turawa a gidan silima. Tun 2018 hotonta ke kan takardar dala 10.

Musulmi ma, waɗanda ƙidayar 2021 ta nuna sun kai wajen miliyan 1.8, sun ɗanɗana. A Janairun 2017 wani ɗan bindiga ya kashe masallata shida a masallacin birnin Kwibek. A Yunin 2021 wani ya bi ta kan iyali guda da mota a garin London na Ontario, huɗu suka rasu. A 2019 lardin Kwibek ya kafa dokar hana wasu ma'aikatan gwamnati, har da malaman makaranta, sanya alamar addini a bakin aiki, abin da ya shafi mata masu lulluɓi. Duk mai shirin tura ɗansa karatu can ya kamata ya san wannan, kamar yadda ya san labarin alherin.

Sa'an nan kuma babu wani abu guda da za a nuna a ce shi ne ɗan Kanada. Wajen kashi ɗaya cikin biyar Faransanci ne harshensu na gado, kuma a ƙuri'ar raba gardama ta 1995 da ƙyar aka kayar da masu son Kwibek ta ɓalle, kashi 50.6 da 49.4. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar waje aka haife shi, a Toronto kuwa kusan rabi.

WASA YA ZAMA GASKE

An daɗe ana ɗaukar tsokanar nan kamar wasan Kanawa da Zagezagi, ko na Fulani da Barebari. Amma wasan taubasai yana daɗi ne don kowa ya san ɗan'uwansa ba ya nufin ƙwace masa gida. A ƙarshen 2024 Donald Trump ya fara kiran Kanada jiha ta 51, yana kiran Firayim Minista Justin Trudeau gwamna. A Maris 2025 ya ɗora harajin kashi 25 cikin 100 a kan kayayyakin Kanada da dama.

Masu ladabi suka murtuke. Aka yi wa taken Amurka ihu a filayen hoki. Larduna suka kwashe barasar Amurka daga kantuna, jama'a suka riƙa duba tambari kafin su sayi kaya, da yawa suka fasa zuwa hutu kudu. A Fabrairun 2025 Kanada ta ci Amurka 3 da 2 a wasan ƙarshe na hoki a Boston, aka yi murna kamar an ci yaƙi. Jam'iyyar Liberal, wadda a farkon shekarar kowa ya ɗauka ta faɗi, ta ci zaɓen 28 ga Afrilu ƙarƙashin Mark Carney, babban dalili kuwa shi ne wannan fushi. A watan Mayu Carney ya zauna a fadar White House ya gaya wa Trump ido da ido cewa Kanada ba ta sayarwa ba ce, ba kuwa za ta taɓa zama ba.

Wanda ya ɗauki ladabin maƙwabcinsa a matsayin tsoro, bai san shi ba. Amurkawa sun shekara ɗari biyu suna kwana da mutanen Kanada, amma da yawansu hoton silima suka riƙe, sai da ciniki da siyasa suka taɓu kana suka fara tambayar ko su wane ne. Baƙon da ke zaune a Kudu, wanda ya san zafin a kira shi da sunan da ba nasa ba, shi ya fi cancanta ya kiyaye harshensa daga yi wa masu masaukinsa kuɗin goro, a ce duk Bayarabe kaza ne, duk Inyamuri kaza ne. Mutum dai sai an zauna da shi ake sanin halinsa. Allah Ya ba da zaman lafiya tsakanin maƙwabta.